Mashaƙo da Amanar da Ke Wuyan Magidanta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ya ku bayin Allah, musamman ku magidanta, nasihata ta yau a kan maƙogwaron 'ya'yanku take. Tun ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Kano, ta bazu Yobe da Katsina da Borno da Bauchi, ba ta bar jihar Damagaram ta Nijar ba. Galibin waɗanda ta kwantar yara ne da ba su kammala rigakafi ba.

A hankali take shigowa. Ɗan zazzaɓi, yaro ya ture tuwo, ya ce haɗiya zafi. Kafin a ankara wuya ya kumbura. In ka haska bakinsa da tocilan, sai ka hango wata fata ruwan toka manne can ciki. Ita ke toshe hanyar iska har numfashi ya koma gurnani, dafin cutar kuma ya bi jini ya taɓa zuciya.

A nan muke cin amana. Uwa ta ce, "Malam, yaron nan numfashinsa ba daidai ba." Maigida ya ce, "Sanyi ne, ki dafa masa citta," ya hau babur sai kasuwa, alhali ya san ba ta fita sai da izininsa. Wani kuma wanzami zai kira a cire belu. Subhanallahi! Fatar nan ko taɓa ta aka yi jini take yi, balle aska.

Kada kowa ya fake da ƙaddara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a nemi magani, ya kuma sa wani mai raƙumi ya ɗaure abinsa kafin ya dogara ga Allah. Ajali na Allah ne; sakacin naka ne, kuma a kansa za a tsayar da kai.

Allurar rigakafin sau 3 ce, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, kyauta a asibitin gwamnati. Yau in ka koma gida, ce a ɗauko maka katin kowane yaro ka duba. Ka ba matarka izini tun yanzu, ka ajiye mata kuɗin adaidaita: duk sa'ar da numfashin yaro ya canza, ko tsakar dare ne, ta wuce asibiti kada ta jira ka. In likita ya ce mashaƙo ne, a kai sauran yaran gidan su ma a duba su.