Dabbar Cikin Labari, Asirin Wa Take Tonawa?

Duk yaron da ya tashi a Minna, ko a gidan Bagwari ne, ko Banufe, ko Bahaushe, ya san dabbobin tatsuniya tun kafin ya san haruffa. Da zarar an ce "ga ta nan, ga ta nan ku" aka ambaci kura, ya san kwaɗayi da tsoro sun shigo. In aka ambaci Gizo, ya san za a yi zamba. In kuwa zaki ne, to sarauta ce da ƙarfi. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya bayyana masa wannan, amma ya gane cewa ba dabbobin daji ake nufi ba, mutanen gari ake nufi. Tambayar da ta cancanci nazari ita ce: idan mai labari ya kawo dabba domin ya nuna halin mutum, gaskiya yake faɗa ko kuwa yana iya ruɗin mai sauraro? Halin wa kuma yake tonawa, na mutumin cikin labari ko na wanda yake ji?

Ƙasar Neja ta haifi marubuta biyu da suka yi amfani da dabba ta hanyoyi biyu daban, kuma ayyukansu sun isa su haskaka wannan tambaya.

Dabba mai ɗauke da halin mutum

Na farko shi ne Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. A cikin Magana Jari Ce, wanda ya rubuta a Zariya aka fara bugawa a 1937, ya ɗora ginshiƙin littafin a kan aku. Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa yana ƙulla makirci domin ya hallaka yaron ya gaji sarauta. Aku ne yake tsare Musa dare bayan dare da labarai, har ya hana shi fita ya faɗa tarko. Daga baya aku ya zama Waziri.

Hikimar da ke nan ita ce, Imam ya jera halittu biyu a gaban mai karatu: mutum mai rawani da muƙami, da tsuntsun da aka saya da kuɗi. Wanda aka ba amana ya ci ta, wanda ba shi da dangi ko gado a fada ya riƙe ta. Da a ce wani bafade ne ya ceci Musa, mai karatu zai iya cewa yana neman girma ne. Amma da yake tsuntsu ne, sai amana ta tsaya ita kaɗai, ba asali, ba ƙabila, ba riga. Wannan hanya tsohuwa ce. Ita ce ta Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, ita ce kuma ta George Orwell a littafinsa na 1945, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara da sunan Gandun Dabbobi a 1975. Amfaninta a fili yake: ana iya gaya wa mai iko gaskiya ta bakin dabba a inda bakin mutum ba zai iya ba.

Dabba a matsayin ma'auni

Na biyu shi ne Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a nan Minna a 1921, lokacin da garin yake bunƙasa saboda hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Baro ta isa Kano a 1911. Iyayensa Ibo ne daga ƙasar Anambara ta yau, mahaifinsa kuma maharbin giwa ne mai ba da labari. Ekwensi ya yi aikin gandun daji kafin ya zama mai haɗa magunguna, ya kuwa rasu a 2007. A 1962 ya fitar da Burning Grass, labarin wani dattijon Bafulatani mai suna Mai Sunsaye.

A wannan littafi dabba ba ta magana. Saniya saniya ce, kurciya kurciya ce. Amma tun a farkon labarin wata yarinya baiwa, Fatima, ta gudo ta faɗi a gaban Mai Sunsaye tana neman ceto daga mai dukanta, shi kuwa ya fanshe ta da shanunsa. Duk wanda ya san makiyayi ya san nauyin wannan. Saniya ita ce dukiyarsa, ita ce sadakin 'ya'yansa, ita ce sunansa a cikin dangi. Marubucin bai tsaya yana yabon dattijon da kalmomi ba. Ya nuna abin da ya fi ƙauna, sa'an nan ya nuna shi yana rabuwa da shi saboda baƙuwar da ba ta da abin biya. Daga baya kuma kurciya mai ɗauke da laya ta jawo masa ciwon yawo da ake kira sokugo, ya bar gida yana bin ta, ta haka aka ga rauninsa kamar yadda aka ga kirkinsa.

Wannan hanya ta biyu ta fi ta farko zurfi. Dalili kuwa shi ne, mutum yana iya yi wa sarki ladabi domin tsoro, ya yi wa attajiri fara'a domin kwaɗayi, ya yi wa maƙwabci alheri domin a yaba masa. Amma jaki ba ya kai ƙara, akuya ba ta ba da shaida, kare ba ya rama kyauta. Abin da mutum ya yi wa halittar da ba ta da baki, ko abin da ya yarda ya rasa daga garkensa, ya fi kusa da ainihin zuciyarsa. Littafin Karin Magana 12:10 ya haɗa adalci da kula da ran dabba. A Farawa sura 24, alamar da baran Ibrahim ya roƙa domin ya gane matar Ishaku ita ce yarinyar da za ta shayar da raƙumansa ba tare da an roƙe ta ba. Raƙuman kuwa goma ne, kuma kowa ya san yawan ruwan da raƙumi mai ƙishi yake sha. Rifkatu ta ci wannan gwaji da tulu ɗaya da sawu da yawa zuwa rijiya. Masanin falsafa na Jamus, Immanuel Kant, shi ma ya koyar da cewa mai yi wa dabba ƙeta zuciyarsa takan taurare ga mutane.

Inda ma'aunin yake gazawa

To, ashe ke nan an sami ma'aunin da ba ya kuskure? A'a. A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara, domin ana iya samun mai tausayin dabba wanda ba ya tausayin mutum. A watan Nuwamba na 1933 gwamnatin Hitila ta kafa dokar kare dabbobi mai tsanani a Jamus, ita ce kuma gwamnatin da ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6. Ba a rasa mai gida da yake tashi da asuba ya ba ragonsa dusa da kanwa, alhali yarinyar da take masa aikin gida ta kwana da yunwa. Idan marubuci ya nuna mutum yana shafa kan doki, mai karatu kuma ya yanke cewa ai wannan mutumin kirki ne, to an yi saurin hukunci.

Babu labarin da ya nuna wannan gazawa, ya kuma nuna maganinta, kamar misalin da annabi Natan ya kawo wa sarki Dawuda a 2 Sama'ila sura 12. Dawuda ya ɗauki Batsheba matar Uriya, ya kuma shirya aka kashe mijin a bakin daga. Natan bai shiga fada da zargi ba. Ya kawo labarin mutum biyu a gari ɗaya: attajiri mai garkuna, da matalauci mai 'yar tunkiya guda, wadda ya saya ya rena tare da 'ya'yansa, tana ci daga abincinsa tana sha daga ƙoƙonsa. Da baƙo ya sauka wa attajirin, sai ya ƙyale garkensa ya kama ta matalaucin ya yanka. Dawuda ya husata ƙwarai, ya yanke cewa mutumin ya cancanci mutuwa, kuma sai ya biya ninki huɗu. Sa'an nan ne Natan ya sanar da shi cewa shi ne mutumin.

Ba a banza Natan ya zaɓi tunkiya ba. Dawuda makiyayi ne tun yana yaro, wanda ya taɓa fuskantar zaki domin ya ƙwato ɗan rago. Annabin ya san ƙofar da ba a riga an kulle ba a zuciyar sarki, ta nan ya shiga. Amma abin lura shi ne, tausayin da Dawuda ya ji wa 'yar tunkiya bai tabbatar da adalcinsa ba. Mutumin da jinin Uriya yake hannunsa shi ne yake fushi saboda dabbar da ba ta taɓa wanzuwa ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. Abin da ya tona halin Dawuda na gaskiya ba fushinsa ba ne, abin da ya yi ne bayan an juyo masa da labarin: bai sa an kama annabin ba, bai kawo hujja ba, ya amsa laifinsa. Ke nan dabbar cikin labari ba ta gama aikinta ba sai mai sauraro ya ga fuskarsa a cikinta.

Sa'ad da misali ya zama makami

Akwai kuma hatsarin da ya fi wannan, kuma yana tare da hanya ta farko. Tatsuniya takan ce kura kura ce har abada, ba ta tuba, ba ta sake hali. Wannan ba laifi ba ne muddin kura tana wakiltar kwaɗayin da yake cikin kowane mutum. Amma ranar da aka ciro sunan dabba daga labari aka manna wa wata ƙabila ko wani addini, ranar misali ya zama makami. A ƙasar Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai, kuma a cikin kwana kusan 100 na shekarar 1994 aka kashe mutane kimanin 800,000. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta hukunta wasu shugabannin wannan rediyo. Wanda aka koya masa cewa maƙwabcinsa ƙwaro ne ba ya jin nauyin take shi.

Wannan gargaɗi bai yi nisa da Jihar Neja ba. A ranar 17 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati a Kagara, mahaifar Abubakar Imam, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka kwashe mutum 42, cikinsu har da ɗalibai 27. Zafin irin wannan ta'asa gaskiya ne, kuma masu yin ta sun cancanci hukunci. Amma a cikin irin wannan zafi ne baki yakan zame, a daina cewa wane ya yi laifi, a koma cewa su wane duk dabbobi ne. Daga nan sai mai tallan nono da ba ta san hawa ba ta san sauka ba ta shiga cikin hukuncin. Kiran mai laifi dabba ma yana rage masa laifi ne, domin ba a gurfanar da kura a gaban alƙali. Mutum ne kaɗai ake tuhuma, domin shi ne yake da ikon zaɓi. A nan darajar aikin Ekwensi take ƙara fitowa: ɗan Ibo haifaffen Minna ya dubi makiyayi, bai mai da shi dabba ba, sai ya sa dabbobinsa suka ba da shaidar mutuncinsa.

Kammalawa

Saboda haka amsar tambayar farko ita ce, dabba a cikin labari tana faɗin gaskiya, amma da sharaɗi. Tana faɗin gaskiya idan aka riƙe ta kamar madubi, tana yin ƙarya idan aka riƙe ta kamar tambarin da ake ɗora wa wani. Iyaye da malaman makaranta da masu wa'azi, waɗanda su ne masu ba da labari na wannan zamani, suna da nauyi a nan. Bayan an ce ƙurunƙus, tambayar da ta dace a yi wa yaro ba ita ce wane ne kura a unguwa ba. Tambayar ita ce yaushe shi kansa ya yi halin kura, yaushe kuma ya riƙe amana kamar aku. Marubuci kuma da zai nuna halin mutum ta wurin dabba, kada ya tsaya ga hannun da ya shafa kan rago, sai ya bi wannan hannun har cikin gida ya ga yadda yake yi da mata, da bara, da baƙo.

Natan ya shiga fada da 'yar tunkiya guda, ya fito da sarki mai tuba. Allah ya ba masu ba da labari irin hikimarsa, ya ba masu sauraro kuma irin kunnen da Dawuda ya saurara da shi.