Lu'ulu'un Ƙira da Akwatin Lefe

Masu iya magana sun ce kama da wane ba wane ba ce. Da wannan mizani iyaye mata suka daɗe suna auna kayan ado. Sarƙar da aka yi wa wankan zinariya kama ce kawai, da zarar maƙerin farfaru ya goga ta a dutsen gwaji sai asirinta ya tonu. To, sai ga shi zamani ya zo da wani abin da mizanin ya kasa kamawa, watau lu'ulu'un da ba a haƙo shi daga ƙasa ba, a masana'anta aka ƙera shi cikin ƴan makonni, amma kuma wajen tauri da ƙyalli da nauyi ba shi da maraba da na haƙa. A kantunan Dubai, inda Alhazai da Hajiyoyin Maradi suke sarin kaya, ana jera su kafaɗa da kafaɗa, farashin na ƙirar kuwa ƙasa yake ƙwarai. Har yanzu zinariya ce sarauniyar ado a Maradi da Tibiri da Jiratawa, amma abin da ya shiga kasuwar Dubai ba ya daɗewa bai shiga akwatin lefe ba. Saboda haka ya kamata a yi tambaya tun da wuri: ko ya dace mutumin kirki ya sayi wannan dutse, ya ba matarsa ko ƴarsa, kuma da wane suna zai ba ta shi?

Abin da za a fara warwarewa shi ne ko dutsen na jabu ne. Tun a 1797 wani masani ɗan Ingila, Smithson Tennant, ya tabbatar da cewa lu'ulu'u tsantsar sinadarin kabon ne, wannan dai da yake cikin gawayin murhu. Tsananin zafi da matsi ne suke mayar da shi dutse a can ƙarƙashin ƙasa, a zurfin da ya kai kilomita 150 ko fiye, kuma yawancin wanda ake haƙowa ya haura shekara biliyan ɗaya a duniya. A watan Disamban 1954 Tracy Hall, ma'aikacin kamfanin General Electric a Amurka, ya yi nasarar haɗa irin wannan zafi da matsi a cikin inji. Daga baya aka ƙware a wata dabara ta biyu: a ajiye ƴar ƙwayar lu'ulu'u a cikin rufaffen akwati, a hura mata iskar gas mai ɗauke da kabon, a zafafa, kabon ɗin ya riƙa sauka a kanta sannu a hankali har ta girma. A yau ƙasar Sin da Indiya ne suke kan gaba a wannan sana'a. Ido ba ya bambance na ƙira da na haƙa, sai dai na'urar ƙwararru.

Manomin Jiratawa ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba. A filin noman rani da ke fadamar Gulbin Maradi, zogale yana yin ganye shar a tsakiyar bazara, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Mutum ne ya haƙa rijiya, ya kafa famfo, ya ja ruwa har gindin shuka, amma babu mai kwaɗon da za ta ce zogalen rani jabu ne don ba damina ta shayar da shi ba. Iri ɗaya ne, ganye ɗaya ne, hanyar ruwan ce ta bambanta. Haka lu'ulu'un ƙira yake. Jabu shi ne gilashin da aka yanka ya yi kama da lu'ulu'u. Wannan kuwa lu'ulu'u ne. Wanda ya saye shi da saninsa bai sayi ƙarya ba.

Sai dai kuma magana ba ta ƙare a nan ba, domin ba sinadari mutane suke saye ba idan sun sayi ado. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a cikin wannan karin magana akwai wata gaskiya mai ɗaci game da zuciyar ɗan Adam: sau da yawa abin da yake faranta masa rai a jikin kaya shi ne sanin cewa maƙwabcinsa ba zai iya mallakar irinsa ba. Masu cinikin lu'ulu'u sun daɗe da gane haka. Bayan da aka gano shi a Kimbali ta Afirka ta Kudu wajen 1870, ya yi yawan da farashinsa yake neman karyewa, sai Cecil Rhodes ya haɗe ramukan haƙar a ƙarƙashin kamfanin De Beers a 1888. Kamfanin ya yi kusan ƙarni guda yana ƙayyade yawan da zai fita kasuwa, a 1947 kuma ya fito da wata talla mai danganta dutsen da dauwamar soyayya, har ta kai samari a Amurka da Japan suna ganin baiko bai cika ba sai da zoben lu'ulu'u. Ashe ke nan wani ɓangare na tsadar na haƙar ma ƙera shi aka yi, a ofis da shafukan jarida.

Abin da yake faruwa idan ƙaranci ya gushe kuwa, ƙasar Hausa ta riga ta gani da idonta. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce a asali. Wurin da kakanni suka yi ciniki da shi a Katsina da Kano daga tsibiran Maldibas na tekun Indiya yake zuwa, kuma nisan tafiyar ne ya riƙe masa daraja. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri kamar 2,500. A daidai wannan zamani fataken Jamus suka fara loda wani irin wuri daga Zanzibar suna jibge shi a gaɓar Afirka ta Yamma. Shi ma wuri ne na gaske, daga teku ya fito, babu wanda ya isa ya kira shi jabu. Amma da ya yi yawa sai darajar wuri ta yi ta zubewa, har kafin ƙarshen ƙarnin ɗaukarsa zuwa kasuwa mai nisa ya zama wahalar da ba ta biya. Wanda ya tara dukiyarsa a buhunan wuri ya wayi gari da nauyi ba tare da arziki ba.

Lu'ulu'un ƙira ya kama wannan hanya. De Beers da kansa ya buɗe wani reshe mai suna Lightbox a 2018, yana sayar da karat ɗaya, watau kashi ɗaya cikin biyar na giram, a kan dalar Amurka 800. A 2024 ya rage zuwa 500, a 2025 kuma ya ba da sanarwar rufe reshen baki ɗaya saboda faɗuwar farashi. Duk abin da inji zai iya ƙara yinsa gobe, farashinsa na jibi ba zai kai na yau ba.

A nan ne batun ya taɓa matan Maradi kai tsaye. Ga mace a ƙasar Hausa, ɗan kunne da sarƙa da awarwaro aiki biyu suke yi: ado ne ranar biki, ajiya ce ranar wuya. Musulunci ya ba ta ikon dukiyarta, miji ba shi da hurumin taɓawa sai da yardarta, kuma tun da yawancin mata a karkara ba su da asusu a banki, asusunsu shi ne jar akuya a turke, da jeren kwanoni a ɗaki, da ƴar zinariya a ƙasan akwati. A 2005, da ƙarancin abinci ya tsananta a jihar Maradi, irin waɗannan kaya ne gidaje da dama suka fitar don sayen tiyar hatsi. Haka ake yi idan yaro ya kwanta asibiti, ko aure ya mutu, ko maigida ya rasu. Zinariya tana iya wannan aiki domin ana ɗora ta a sikeli, kowa ya san kuɗin giram, kuma ko ta karye maƙeri zai narka ta ya sake wata. Lu'ulu'u ba ya narkuwa a sake shi. Ko na haƙa ne, mai sayarwa yakan yi hasara. Na ƙira kuwa da wuya a sami mai taya shi, tun da sabo yana nan a kanti da araha. Angon da ya rage zinariyar lefe don ya sa dutse mai walƙiya ya ƙara wa amarya kyau a ranar buɗar kai, ya kuma rage mata abin dogaro na shekara goma masu zuwa. Idan ita ta san haka ta zaɓa, babu laifi. Idan an bar ta tana zaton ta ajiye dukiya, an zalunce ta, ko da kuwa dutsen na gaske ne.

Masu tallar na ƙira suna da wata hujja mai ƙarfi, cewa shi babu jini a jikinsa. Gaskiya ne lu'ulu'un haƙa ya ciyar da yaƙin basasar Saliyo daga 1991 zuwa 2002, da na Angola, abin da ya sa aka kafa tsarin tantancewa na Kimbali a 2003. Mutanen gundumar Madarunfa ma ba sa bukatar a ba su labarin abin da rami yake ci: a watan Nuwamban 2021 ramukan haƙar zinariya suka rufta a Garin Liman, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Isa, mutum aƙalla 18 suka rasu. Duk wanda yake alfahari da cewa adonsa daga ƙasa aka tono shi, ya kamata ya tuna wanda ya shiga ramin. Amma hujjar ba ta wanke ɗaya ɓangaren sarai ba. Injin ƙira yana shan wutar lantarki mai yawa, kuma a Sin da Indiya mafi yawan wutar daga ƙona kwal take fitowa. Bugu da ƙari, ƙasar Botsuwana da lu'ulu'un haƙa ta gina makarantu da asibitoci da hanyoyi tun daga shekarun 1970, shi ne mafi yawan abin da take sayarwa a waje, kuma faɗuwar kasuwarsa a 2024 ta girgiza baitulmalinta. Kuɗin da ya bar ramin Juwanen ya koma masana'antar Surat ya bar hannun ma'aikacin Afirka ne. Saboda haka mai saye yana iya zaɓar kowanne bisa dalili, amma kada ya ɗauka rasidin kanti takardar shaidar tsarkin zuciya ce.

Abin da ya rage, wanda kuma shi ne jigon al'amarin, shi ne gaskiyar da za a faɗa a kan dutsen. Malaman fiƙihu sun haramta algus, sun kuma ba mai saye damar mayar da kaya idan an ɓoye masa abin da da ya sani da bai biya wannan farashi ba. Hukumomin zamani ma nan suka dosa. Dokar Faransa ta 2002 ta wajabta a kira irin wannan dutse da sunan da ke nuna haɗa shi aka yi. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta yarda a 2018 cewa lu'ulu'u ne, bisa sharaɗin a bayyana asalinsa. Cibiyoyin tantancewa kan zana lamba ƴar mitsitsiya a gefen dutsen, su ba da takarda. Haƙƙin ɗan kasuwa ne ya nuna takardar, haƙƙin mai saye ne ya nema.

To, ita mai sakawa fa? Idan mace ta shiga gidan suna da ɗan kunnen ƙira, mata suka yi zaton na miliyoyi ne, ta yi ƙarya ke nan? Babu wanda take bi bashin bayani, kamar yadda mai sanye da atamfa ba ta yawo da rasidi. Yaudara tana farawa ne a inda wani zai gina hukunci a kan zatonsa: ranar da dangin ango suka buɗe akwati gaban ƴan ganin lefe suka ambaci farashin da ba a biya ba, ranar da aka kai dutsen jingina don karɓar rance, ranar da aka zauna rabon gado aka ƙiyasta wa wata ɗiya ɗan kunne a madadin gona. A waɗannan wurare shiru ma ha'inci ne, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, don ranar sayarwa tana nan tafe.

Akwai ma wani alheri da arahar za ta iya kawowa. Gasar lefe ta hana samari da yawa aure, ta jefa iyaye cikin bashi. Idan walƙiyar da a da sai matar attajiri ta zama abin da matar malamin makaranta za ta iya sakawa, to walƙiya ta daina zama ma'aunin arzikin gida, kuma ba a yi hasarar komai ba. Haka ta faru da talhatana: da aka fara kawo ta gilashi daga Turai a madadin ta dutse, ƴan matan ƙauye suka samu suka rataya, kwalliya ba ta mutu ba.

Wani aiki kuma yana jiran malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Kasuwar Hausa kalma biyu ta saba da su, na gaske da jabu, wannan dutse kuwa bai zauna daidai a ɗayansu ba. Idan aka bar shi ba suna, mai son cuta zai sayar da shi a matsayin na haƙa, mai son raini kuma zai kira shi jabu, dukansu ba su faɗi daidai ba. Ko lu'ulu'un ƙira za a ce, ko wani sunan da ya fi wannan daɗin faɗi, ya kyautu a tsayar da shi a aji da gidan rediyo tun kayan ba su cika kasuwa ba, yadda uwar amarya a Jiratawa, ranar da aka buɗe akwati a gabanta, za ta iya tambaya da harshenta ko na haƙa ne ko na ƙira, a kuma ba ta amsa.