Bi Sawun Aikin da Ƙafarka

Ɗana, tunda Allah ya ɗora maka ragamar ma'aikata, kafin ka kira taro ko ka sayo sabuwar kwamfuta, ɗauki takarda da fensir. Zaɓi aiki guda, ka bi sawunsa tun daga lokacin da mai saye ya buɗe baki ya ce yana so har kayan su shiga hannunsa. Duk inda aikin ya yada zango ka rubuta: hannun wa ya shiga, minti nawa aka yi ana taɓa shi, kwana nawa ya yi a ajiye.

Dabarar ta samo asali ne daga kamfanin Toyota na Japan. A 1950 kamfanin ya kusa durƙushewa, aka yi yajin aiki, aka sallami ma'aikata, har Kiichiro Toyoda ya sauka daga shugabanci. Ba su da kuɗin cika sito da kaya irin na Ford a Amurka. Rashin nan ne ya sa injiniyansu Taiichi Ohno ya zauna ya ware ɓarna iri 7, ciki har da jira, da yawan dakon kaya daga nan zuwa can, da gyaran abin da aka ɓata. Wadda ya fi tsana ita ce ƙera abin da ba a nema ba, domin tana lulluɓe sauran. Ana ba da labarin yakan zana da'ira da alli a ƙasa, ya tsayar da sabon injiniya a ciki, ya ce ya yi ta kallo har sai ya ga inda lokaci yake zubewa.

Kai ma za ka gani. Leƙa shagon tela ana saura mako biyu Sallah. Ɗinkin kaftani bai wuce aikin yini ba, amma shaddar ta daɗe a leda ƙarƙashin tebur, an yanka ta koma jiran mai aikin wuya, ta dawo babu maɓalli, mai guga kuma ya tafi kasuwa. Mai kaya kuɗin ɗinki ya biya, bai biya na kwanciyar yadi ba. Fayil a ofis ma haka yake kwana yana jiran sa hannun wanda ya yi tafiya.

Sai dai in ja kunnenka: idan takardar ta tona asiri, kada ka huce a kan yaranka. General Motors ya rufe masana'antarsa ta Fremont a Kalifoniya a 1982, ana ta kuka da ma'aikatan wurin. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka dawo da yawancin mutanen, aka ba kowa ikon jan igiya ya tsayar da layin haɗa motoci in ya ga matsala. Ba a daɗe ba motocinsu suka shiga sahun mafi inganci a kamfanin General Motors.

Don haka ka shimfiɗa takardar a gaban masu yin aikin, su gyara maka ita, don sun fi ka sanin lungunan. Ku fara da wurin da aiki ya fi daɗewa a kwance, shi kaɗai, sauran su jira tukuna. Bayan wata guda ka sake zagayawa da fensirinka.