Talauci Ba Shi Da Garin Haihuwa

Jama'ar Congo-Russia, akwai wata tambaya da ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu: shin ya halatta a ji sunan garin mutum, sai a yanke masa hukuncin tsiya tun bai buɗe baki ba?

Mu dubi Indiya, ƙasar da muke kallon finafinanta tun muna yara. A can ma akwai wannan ciwo. Mutanen jihar Bihar kan bar gida su tafi Mumbai da Delhi neman abinci, suna dako, suna gini, suna tuƙa tasi. A bakin wasu 'yan birni, kalmar "Bihari" ta koma zagi, wai matsiyaci, bagidaje. A shekarar 2008 har duka aka riƙa yi musu a titunan Mumbai, ana cewa su koma garinsu. Alhali Patna, babban birnin Bihar, a nan ne fadar daular Mauriya ta zauna fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

To, mu dawo gida. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta faɗa a 2022 cewa mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci a Najeriya, kuma kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa suke, jihar Sakkwato ce a gaba. Wannan lissafi ne, ba mu musa shi ba. Amma lissafi yana faɗin halin da jiha take ciki ne, bai faɗi halin mutum ɗaya ba, bai kuma ce laifinsa ne ba. Manomin Zamfara da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, ko ɗan Maradi da fari ya koro, ai ba lalaci ne ya kawo shi Jos yana tura kurar ruwa ba.

Mu Jasawa mun san zafin a yi wa mutum kuɗin goro. An kira mu baƙi a garin da aka haifi iyayenmu. Mun ga abin da ya faru ran 7 ga Satumba 2001, wanda daga unguwar nan ya faro. Mun ga yadda gobarar kasuwar Terminus a 2002 ta mayar da masu rumfa 'yan talla a dare ɗaya. Duk da haka, a majalisunmu sai ka ji ana cewa "ai ɗan ci-rani ne", "ai Buzu ne", ana yatsina fuska. Ya zo neman haya a ƙara masa kuɗi, ya zo neman aure a ce ba a san asalinsa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kakanninmu fa da yawa haƙar kuza ce ta kawo su Bukuru da Barikin Ladi, wasu da ƙafarsu, wasu kuma ɗiban gwamna aka yi musu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944. Da tabarma da ƙwarya suka iso. Da an rufe musu ƙofa saboda tsummar jikinsu, yau ina muke?

Wani zai ce ai dole a yi hattara da baƙo, zamanin ya lalace. Gaskiya ne. A bincika mutum, a nemi wanda zai tsaya masa, a kai shi wurin mai unguwa. Wannan hattara ce. Amma a raina shi don garinsu, wannan kuma girman kai ne, kuma Suratul Hujurati ta hana izgili da kiran juna da mummunan laƙabi, ta nuna taƙawa ce ma'aunin daraja.

Saboda haka, mai gidan haya ya karɓi kuɗi ɗaya daga kowa. Ɗan kasuwa ya biya ɗan dako haƙƙinsa cif, tun guminsa bai bushe ba. Iyaye su tsawata wa yaran da ke tsokanar mai garuwa da almajiri. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba yakan koma baya. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Filato, Ya rufa mana asiri baki ɗaya, amin.