Kafin Ka Kai Ƙarar Maƙwabcin Gonarka

Ɗana, na san kai ba mai neman rigima ba ne, shi ya sa ma nake maka wannan magana, domin wanda ya riga ya ɗaura ɗamarar faɗa ba ya jin nasiha sai bayan ya gaji.

Ka dubi yadda muke zaune a ƙauyukan da ke arewacin Kano. Gona na jikin gona, babu wani dajin da ya rage da mutum zai ce bari ya je ya yi sabon sara. Tun zamanin kakanni ƙasar nan ake nomanta kowace shekara ba hutawa, taki ne ke riƙe da ita, har iyayenmu kan ɗora wa jaki itace su kai birni, su dawo da mangala cike da shara da toka su zuba a gona. Ga kuma rabon gado, wanda ke mai da gonar mutum ɗaya ta 'ya'ya, ta 'ya'ya ta koma ta jikoki, har ka iske abin da ya raba ka da maƙwabcinka bai wuce layin gamba ko kunya ɗaya ba, kuma shi maƙwabcin nan sau da yawa ɗan baffanka ne, kakanku ɗaya. Yanzu kuma birni na ta matsowa ta hanyar Katsina har wajen Dawanau, dillalai na yanka gonaki suna mai da su filoti, taku ɗaya na ƙasa ya zama kuɗi, zukata kuma sun ƙara saurin ɗaukar zafi.

To, wata safiya za ka je gona ka tarar garma ta tuge gindin gambar da mahaifinka ya dasa, huɗar maƙwabci ta shigo maka da kunya guda. Ranka zai ɓaci, ban ga laifinka ba. Abin da nake roƙonka shi ne ka kula da abin da zai fito daga bakinka tsakanin wannan safiya da faɗuwar rana, saboda yawancin gabar da na gani ta shekara da shekaru a wannan ɗan tsakanin aka ƙulla ta. Ka fara tambayar kanka wa ya riƙe garmar. Sau nawa mai gona yana kasuwa, yaro ne ke kora shanun, ko ɗan ƙwadago da bai san inda iyaka ta tsaya ba? Idan ka yi wa mutum kyakkyawan zato ka same shi da laifi, ba ka yi asarar komai ba, amma idan ka kira shi macuci alhali bai ma san an yi ba, ka ɗauko wa kanka aikin ba da haƙuri, kuma ba kowa ke iya shi ba.

Ka bari sai bayan la'asar, ka taka da ƙafarka zuwa ƙofar gidansa, ka yi sallama, ku zauna a zaure. Ka gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya gida, ya iyali, ya aiki, ya jikin Inna, kada ka yi irin gaisuwar nan ta mai sauri wadda tun daga ita mutum ke gane da faɗa aka zo. Sannan ka ce, "Yaya, na leƙa gona ɗazu, na ga kamar shanu sun ɗan shigo ta wajen gambar nan, ko gobe za mu je mu duba tare?" Ka ga ka faɗi duk abin da ke ranka, ba ka rage komai ba, amma ka bar masa hanyar da zai ce, "Ai yaran nan ne, bari a gyara," ba tare da ya ji an ci masa mutunci ba. Mutum kan mai da ƙasa cikin sauƙi idan ba a nemi ya haɗa da girmansa ba. Shi ya sa ba a ɗaga irin wannan zance a ƙofar masallaci ko a teburin mai shayi, inda idon jama'a zai tilasta masa musu ko da ya san gaskiya.

Sai kuma waya. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001 ta rage mana wahala mai yawa, ban ƙi ta ba. Amma ka ji tsoron saƙon murya na WhatsApp lokacin da kake cikin fushi. Magana dama zarar bunu ce, balle wadda aka naɗa, wadda za a tura wa ƙanin da ke Legas da yayar da ke aure a Kaduna, mutanen da rabonsu da ganin gonar an daɗe, kowa ya yanke hukunci daga inda yake. Kai za ka huce ka manta, muryar taka kuwa tana nan a wayar mutane, ana kunna ta duk ranar da aka so tayar da tsohon zance. Daga nan matan gida su daina aiken yara karɓo gishiri a gidan juna, a yi suna ba a gayyaci wasu ba, yara su tashi su tarar da gabar da ba su san tushenta ba su ɗora daga inda aka tsaya.

Idan ya fara magana kuma, ka saurare shi har ya kai aya. Wannan ya fi wuya, na sani, domin mai jin yana da gaskiya tun ana magana yake shirya amsa. Ta yiwu ya gaya maka abin da ba ka taɓa ji ba, cewa wannan gefen aro ne mahaifinsa ya ba naka, ko jingina ce da ba a fanshe ba, kuma akwai dattijon da aka yi a gabansa. Ta yiwu kuma ba haka ba ne, amma ba za ka iya tantancewa ba sai ka ji.

Kada ka fahimce ni da cewa ka bar haƙƙinka. Cin iyaka babban laifi ne, malamai ba su gushe suna jan kunne a kansa ba, musamman idan rabon marayu ne ko na mata, waɗanda ba su cika zuwa gona su gani da idonsu ba. Shirun da ake yi ana ƙullaci shi ma ba haƙuri ba ne, don shekaru na tafiya, shaidu na rasuwa, abin kuma na ci a zuci. Mai unguwa na nan, dagaci na nan, hakimi na nan, hukumar Hisba da aka kafa a Kano a 2003 tana yin sulhu, kotu ma ba a rufe ta ba. Sai dai kowane mataki ka hau, komowa na ƙara wuya. Ka lissafa kuɗin mota, da ranakun da za ka ɓata a zaman jira lokacin noman firi ciyawa na cin geronka, ka auna su da 'yan zangarniyoyin da kunya ɗaya za ta ba ka. Alƙali zai iya mai da maka ƙasarka, amma wanda zai riga kowa zuwa idan gobara ta tashi a gidanka cikin dare shi ne dai mutumin da ka kai ƙara.

Don haka, ɗana, idan an kwashe amfani gona ta zama fili, ka je ka sami maƙwabcinka tun babu abin da ya haɗa ku, ku kira dattijo ɗaya ko biyu da suka san rabon, ku zaga iyakar tare, ku dasa gamba ko bini-da-zugu inda ta goge, a rubuta a takarda shaidu su sa hannu, kowa ya ajiye tasa. Kada ka jira shi ya zo, kai ka fara zuwa. Allah ya yi maka albarka.