DARUSH SHAFAƘA: GIDAN MARAYUN ISTANBUL

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda shi ma a maraya ya tashi. Bayan haka:

Ya ku samarin Musulmi, da yawa daga cikinku suna tsammanin tsara taimakon marayu da ofis da littafin lissafi aikin Turawan mishan ne. To, ba haka ba ne. A birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya akwai wata makaranta da ake kira Darush Shafaƙa, watau Gidan Tausayi. A shekarar 1863, zamanin Sarkin Musulmi Abdul'aziz na Daular Usmaniyya, mutum biyar suka kafa ƙungiyar da ta haife ta. Jagoransu Yusuf Ziya, ma'aikacin baitulmali ne. Cikinsu akwai Ahmad Mukhtar, hafsan soja, wanda a lokacin bai cika shekara 25 ba. Ku riƙe wannan, domin sa'an wasunku ne.

Ba da gini suka fara ba. Yaran da ke koyon sana'a a babbar kasuwar birnin suka tara, suna koya musu karatu da rubutu da lissafi kyauta. Sai a 1873 aka buɗe makarantar kwana a unguwar Fatih, domin 'ya'yan talakawa waɗanda ubanninsu suka rasu. Ci da sha da sutura da littattafai, duk a wuyan ƙungiya. Hafsoshi da masana suna zuwa su karantar ba a biyansu ko anini. A 1971 aka fara ɗaukar 'yan mata, a 2012 kuma aka haɗa da waɗanda suka rasa uwa. Daular Usmaniyya ta faɗi, an rushe halifanci a 1924, gwamnatoci sun zo sun wuce, makarantar tana nan.

Ban ce ku ɗauki duk tsarinta na yau ba, tarbiyyarta ta bi ta gwamnatin ƙasarsu, mu kuwa ma'auninmu Alƙur'ani da Sunna. Abin tambaya shi ne, me ya riƙe ta fiye da shekara 160? Gudummawar jama'a da wasiyya. Mutum ya rubuta tun yana da rai cewa gidansa kaza ko shagonsa kaza na marayu ne, a riƙa karɓar haya ana ciyar da su. Wannan fa fiƙihunmu ne, jama'a! Annabi (S.A.W.) ya yarje wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi wasiyya da sulusin dukiyarsa. Sayyidina Umar ya yi waƙafi da gonarsa ta Haibara.

Mu fa? Mutum ya rasu, a yanka sa ranar uku, a sake taruwa ranar bakwai da ta arba'in, abin da babu shi a Sunna, kuma sau da yawa daga cikin gadon marayun ake cire kuɗin. Subhanallahi! Suratun Nisa'i ta kwatanta mai cin dukiyar maraya da zalunci da mai cusa wuta a cikinsa. Baƙi su watse, baffa ya riƙe gona, yaro ya koma tasha yana dako.

Ku ba ku da gidajen da za ku bayar, na sani. Amma kuna da ilmi da ƙafa. Samarin kowane masallaci su sami littafi, su bi unguwa gida gida ta hannun mai unguwa, su rubuta marayu: shekarunsu, wa ke riƙonsu, suna makaranta ko ba sa yi. A naɗa ma'aji biyu, kada kuɗi ya fita sai da sa hannunsu duka, a karanta lissafi a gaban jama'a kowane wata. Wanda ya iya lissafi ko tajwidi ya ba da dare biyu a mako. Sa'an nan ku je wa dattawanku masu hali da ladabi, ku tuna musu zancen sulusi, a rubuta da shaidu biyu adilai, kuma a sani ba a yi wa magaji wasiyya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.