Kumfar kanwa da garin da ke shan hayaƙi

Duk matar da ke girki a Zangon Agege ta san abin da ke faruwa in ruwan tsamiya ya haɗu da kanwa: kumfa ta taso tana tsuwa, can ta lafa. Kumfar nan iskar kabon ce, irin wadda janareto da motocin danfo ke fesa wa unguwa dare da rana. Ta daɗe a ɗaure cikin kanwar, tsami ne ya kwance ta. Ashe iska tana iya zama dutse.

A kan haka masana ke aiki da wani farin gari, magnesiyam oksaid, ɗan'uwan farin maganin ƙwannafin nan na kemis. In hayaƙin masana'anta ya ratsa shi, sai ya cafke iskar kabon ya riƙe. A lissafin takarda, giram 40 na garin zai ɗauki giram 44 na iskar, fiye da nauyinsa ke nan. A aikace kuwa ba ya kai ko kusa. Bayan ƙwayar garin kaɗai ke sha, sai ɓawo ya rufe ta, cikin ya zauna a banza. Shi ya sa ake gauraya shi da gishirin naitiret, wanda zafi ke narkarwa ya buɗe wa iskar hanya.

In ya ƙoshi, a gasa shi a zafin digiri 400 zuwa 500, ya amayar da iskar, a tara ta a binne can ƙarƙashin ƙasa, shi kuma a mai da shi bakin aiki. Dutsen da ake ƙonawa a masana'antun siminti na Ewekoro da Ibese, a jihar Ogun, sai zafi ya kai wajen 900 yake sakin tasa. Nan magnesiyam ya yi zarra.

Sai dai ɗan kasuwar Agege ba ya ƙirga riba sai ya ware uwar kuɗi. Galibin garin daga dutsen magnesait ake samo shi, kuma wurin gasa dutsen sai an saki iskar kabon tukuna. Wutar gasawar ma, in da kwal ko dizal aka hura ta, wani hayaƙin ne. Saboda haka sai garin ya sha ya amayar sau da yawa bai lalace ba kafin a ce an ci riba, kuma a nan ne yake yawan gazawa, don ƙwayoyinsa kan dunƙule in sun sha wuta. Har yanzu dai aikin bai wuce matakin gwaji ba.